ZAUREN 'YAN MATA: Ke Ma Ki Shiga Cikin Hoton

A wannan fitowar zancen hoto za mu yi, amma fa ba hoton gayu na aika wa saurayi ba. Hoton gida nake nufi, wanda za ki jera iyayenki da ƙannenki, ki saita kyamara da hannunki, sannan ke ma ki ruga ki shiga ciki kafin ta ƙyafta.

Don Allah 'yar uwa, ki ɗauko tsohon albam ɗin gidanku ki duba da kyau. Za ki ga Baba da babbar riga, ga yayye maza sun karkata hula, ga yara da kayan sallah. To ina Inna? Sau da yawa sai ki gama buɗe shafuka kaf ba ki ga fuskarta ba. Haka ma a wayarki ta yau, mutum biyu ne ba a cika gani ba: uwar gida da ke can madafa, da kuma ke mai riƙe da wayar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A can wajenmu Gwashi ta ƙasar Bukkuyum, lokacin da nake yarinya, kafin ma a cire Jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996, mai hoto sai ranar sallah ko biki yake zuwa, kuma a ƙofar gida yake tsayawa. Namiji ne baƙo, ba ya wuce zaure, matan aure kuwa suna cikin kulle. Fim ɗinsa ɗauka 24 ne ko 36, sai ya cika sannan a kai wanki Gusau ko Sakkwato, a yi ta jira, wani lokaci ya dawo ya ce naku ya ƙone. Shi ya sa iyayenmu mata da yawa suka yi ƙuruciyarsu suka gama ba su da hoto ko ɗaya, in ban da ɗan ƙaramin nan na fasfo ga wadda Allah ya kai Makka.

Yau kuwa an samu sauƙi. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 abubuwa suke ta canzawa, har ta kai kusan kowace waya tana da kyamara, kuma a cikin kyamarar akwai wani ɗan agogon jira da masu hoto ke kira taima. Aikinsa shi ne ki danna, ya ƙirga daƙiƙa 3 ko 5 ko 10, gwargwadon irin wayar, sannan ya ɗauka da kansa. Ba baƙon namiji, ba fita waje, ba kuɗin mota. Dabarar ma tsohuwa ce. A 1839 wani Ba'amurke mai suna Robert Cornelius, a birnin Filadelfiya, ya buɗe idon kyamararsa, ya zagayo ya zauna gabanta bai motsa ba, ya tashi ya rufe. Hotonsa na nan har yau, ana lissafa shi cikin na farko da mutum ya ɗauki kansa da kansa.

Na san wata za ta ce, "To Anti, ba ga ɗauki-da-kanka ba, in miƙa hannu kawai?" Ƙanwata, akwai bambanci. Tsawon hannunki ba zai ɗauki gida guda ba, daga ke sai rabin fuskar ƙawarki. Na biyu, kusanci yana ɓata kama. Wasu likitoci a Amurka sun auna a 2018, suka gano cewa hoton da aka ɗauka daga nisan kamar santimita 30 yana ƙara faɗin hanci da kusan kashi 30 cikin 100. Kin ga ke nan hancin da kike ta ɓata rai a kansa ba haka Allah ya yi miki shi ba, laifin kusanci ne.

Ga yadda ni nake yi, tunda ba wata makarantar hoto na je ba, sha'awa ce kawai da yawan gwadawa.

Da farko ki nemi izini. Ki sami Baba ko maigida cikin ladabi ki faɗa masa nufinki, haka ma Inna da kishiyoyinta. Akwai dattawan da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, kada ki matsa musu, kuma kada ki ɗauke su a sace. Kakata da na fara yi mata maganar cewa ta yi, "Mi za a yi da hoton tsohuwa, ɗiyata?" Na ce mata jikokin da ba a haifa ba nake yi wa tanadi. Ta yi shiru, can sai ta aika a ɗauko mata sabon kallabinta.

Sai lokaci. Ki zaɓi safiya kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar. Rana tsaka tana sa a runtse ido, tana kuma jefa baƙar inuwa ƙarƙashin idanu. Hasken ya kasance a bayan wayar yana faɗa wa fuskokinku. In kuka ba rana baya, baƙi ƙirin za ku fito kamar kututture. Ki guji farin bango fat, domin kyamara za ta bi hasken bangon ta dusashe fuskoki masu duhu irin namu. Jan bangon laka ya fi, ko jikin rumbu, ko ki shanya atamfa ɗaya a igiya ta zama labule.

Sai wurin ajiye waya. Ba sai kin sayi ƙafar kyamara ba. Ki kife turmi, ki ɗora kwano cike da gero, ki soka gindin wayar a ciki, za ta tsaya daram. In bai kai tsayin ƙirji ba ki ƙara kujera ko bulo a ƙasa, don in waya ta yi ƙasa da yawa haɓa da ƙofar hanci za ta ɗauko. Kada ki ɗora ta a bakin rijiya ko kan randa. Ki kwantar da ita a gicciye in kuna da yawa, ki yi amfani da kyamarar baya don ta fi ta gaba kyau, sannan ki goge idonta da gefen mayafi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke sa hoto ya yi hazo.

Sai jeri. Manya su zauna a tsakiya, yara a tabarma gabansu, 'yan mata a tsaye ta baya. Ki bar gurbinki a gefe, ki aje takalmi ya zama alama. Ki taɓa fuskar Inna a jikin gilashin wayar don ta fito tar, ki zaɓi daƙiƙa 10, ki danna, ki taka a hankali ki shiga. Ki maimaita sau huɗu ko biyar, domin dole wani ya ƙifta ido ko akuya ta gifta. Sau da yawa ma wanda aka fashe da dariya a cikinsa shi ya fi kyau.

To yanzu bari in faɗa miki abin da ya sa na dage a kan wannan magana. Mu mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum mun san yadda gida ke watsewa a dare ɗaya. A 2010 gubar dalma ta wurin haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. A watan Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka rasa rayuka masu yawa, wasu suka yi gudun hijira. A daminar 2024 ambaliya ta rushe gidaje a Gummi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba mu zaman lafiya. Na taɓa zama da wata baiwar Allah da ta rasa ɗanta yana ɗan shekara uku, ta ce da ni abin da ya fi ci mata rai shi ne kamanninsa sun fara ɓace mata, ga shi ba ta da abin da za ta nuna wa ƙannensa. Ko ba wata masifa, ai aure kaɗai ya isa ya raba ku. Yau kuna tsakar gida ɗaya, baɗi wata na Gusau, wata na Zuru, wata na Kano.

Saboda haka kada ki bar hoton a waya kawai. Waya tana faɗawa ruwa, ana sacewa, tana mutuwa. Kuma ba mu manta da watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara, duk abin da mutum ya ajiye a intanet ya gagare shi buɗewa. Ki zaɓi biyu ko uku masu kyau ki kai a wanke miki a takarda, ki rubuta sunaye da kwanan wata a baya, ki sa a leda ki ajiye a ƙasan akwati inda gara da laima ba za su kai ba. Ki ba yayarki da ke aure a wani gari kwafi ɗaya.

Sai gargaɗi, don idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Hoton cikin gida sirrin gida ne. Wanda Inna ta fito ba mayafi, ko ke da sabon kitso, bai kamata ya je hannun saurayi ba, komai daɗin bakinsa. Soyayya tana ƙarewa, hoton kuwa yana nan a hannunsa, kuma abin da ya fita ya zama zarar bunu. Ki sa wa wayarki lambar sirri kafin ki kai ta wurin caji ko gyara. Kada ki ɗora a Facebook ko WhatsApp hoton da ya nuna shanunku ko ƙofar gidanku ko hanyar makarantar ƙannenki, a wannan zamani na masu satar mutane ba kowane mai kallo ne masoyi ba.

Aikinki na wannan watan ke nan. Kada ki jira sallah, kada ki ce sai kin yi sabon ɗinki ko kin yi ƙiba. Ranar Juma'ar nan bayan la'asar ki kife turmi, ki janyo Inna daga madafa ko da hayaƙi a idonta, ki zaunar da ita kusa da Baba, ke ma ki shiga. Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

Taku har kullum,
Antinku ta Zauren 'Yan Mata