Diyyar raunin aiki: maigida da yaronsa su zauna tun kafin ranar hatsari

A kasuwar Panteka ta Kaduna, daga tsohuwar har sabuwar, idan injin yankan katako ya ɗauke wa yaro yatsu, abin da ake yi kusan iri ɗaya ne. A garzaya da shi asibiti, maigida ya biya kuɗin ɗinki, abokan sana'a su yi karo-karo, a ce ƙaddara ce, Allah Ya kiyaye gaba. Na yarda da ƙaddara, kuma ba na raina karo-karon nan. Amma kuɗin kan ƙare cikin makonni, hannun kuma ba ya dawowa.

Tun watan Disamban 2010 Najeriya take da dokar biyan diyya ga ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987, asusun NSITF kuma shi ke aiwatar da ita. Maigida ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga ladan ma'aikaci. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne dokar ba ta tsaya kan masu aikin ofis ba. Ta haɗa da ɗan koyon sana'a, da mai aikin jinga na wucin gadi, da wanda yarjejeniyarsa ta baka ce kawai. Ko a hanyar zuwa aiki ko komawa gida hatsarin ya auku, ma'aikaci na da haƙƙi. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana iya biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

Matsalar tana a kwanakin farko. Ma'aikaci na da kwana 14 ya sanar da maigidansa, maigida kuma kwana 7 ya kai rahoto ga asusun. Yaro kan yi shiru don tsoron kora ko kunyar a ce ya kai ƙarar wanda ya koya masa sana'a. Maigida kan yi shiru don yana ganin rahoto kamar amsa laifi ne. Alhali tsarin ba ya neman mai laifi. Wanda ya yi rajista yana biya, asusun ne ke ɗauke masa nauyin da zai iya durƙusar da shagonsa.

Raunin da ya fi damuna shi ne wanda ba ya zubar da jini. Mai walda da hasken wuta ya cinye wa ido a hankali, da maƙerin da ƙarar guduma ta toshe wa kunne. Cibiyar kula da ido ta ƙasa da ta kunne duk a nan Kaduna suke, amma yawancin masu irin wannan rauni sai abin ya yi nisa suke zuwa, ba tare da wata takarda da ke nuna aiki ne sila ba.

Ƙungiyoyin masu sana'a na Panteka da Kawo da Tudun Wada su ne za su iya wannan gyara. Su kira jami'an NSITF su zo cikin kasuwa su yi bayani da Hausa, su yi wa shaguna rajista a ƙungiyance. Kowace ƙungiya ta ajiye littafin rubuta hatsari, maigida ɗaya da wakilin yara ɗaya su sa hannu a ranar da abin ya faru. Shi ma asusun ya rage jan ƙafa wajen biya, domin maƙerin da ya ga maƙwabcinsa ya yi shekara yana zarya a banza ba zai zuba ko sisi ba.