Mai shan iska a Abuja ya daina zargin ma'aikatan lafiya na Batsari

Wani marubuci ya ce ma'aikatan asibitocin karkara sun ƙi karanta sabon binciken likitanci saboda lalaci. Da gani bai taɓa bin hanyar Batsari ko Safana ba.

A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindigar dajin Rugu, har da waɗannan biyu, aka kai Disamba kafin a fara mayar da su. A lokacin, da wace intanet za su buɗe Hinari, rumbun mujallun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta samar tun 2002? Yawancin ƙananan asibitocin nan ma babu likita. Jami'in lafiya na matakin farko ne ke duba jama'a, da kundin ƙa'idojin aiki a hannu.

Kuma idan bincike ya iso gare su, suna aiki da shi. Hukumar ta amince da ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro lokacin damina a 2012, aka fara a Katsina a 2013. Ma'aikatan lafiyan nan ne ke kula da rabonsa gida-gida, har a ƙauyukan da direbobi ke tsoron shiga.