Robar Mahaifa: A Yanke Shawara Tun Kafin Haihuwa

'Yar'uwa mai juna biyu, ki yi tunanin hutun da jikinki zai samu bayan kin sauka tun yanzu da kike zuwa awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira shekara 2 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Kwanika tana rage wa uwa jini, tana kuma sa a yaye yaro da wuri.

A ganina, ga matan ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama, robar mahaifa ta fi sauƙi. Ƙwaya kullum ake sha. Allura sai an koma asibiti bayan wata 2 ko 3, ga kuɗin mota, ga aikin shinkafa da albasa. Roba kuwa sau ɗaya ake sawa. Mai jan ƙarfe tana aiki har shekara 10, kuma cikin mata 100 masu ita, da wuya a sami 1 da ta yi ciki a shekara. Ba ta rage nono. Ranar da kika so a cire, za a cire, kuma kina iya ɗaukar ciki nan da nan.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan aure masu robar a Nijeriya ba su kai 1 cikin 100 ba. A Masar kuwa, a 2014, sun kai kusan 30. Jita-jita ce ke hana mu. Robar ba ta tafiya zuciya ko kai, kuma ba ta hana haihuwa har abada. Idan maigida yana jin zaren, ana rage tsawonsa.

Amma tana da nata. Jinin al'ada na iya ƙaruwa, da ciwon mara, musamman a watannin farko. Ba ta kare cututtukan sanyi da ake ɗauka wajen saduwa. In kin ji zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko ciwo mai tsanani, ki zo asibiti ba da jinkiri ba.

Ana sa ta cikin awa 48 bayan haihuwa. In wannan lokaci ya wuce, sai bayan mako 4, wato kafin arba'in ko ranar da kika dawo a duba ki. Shi ya sa nake roƙon maigida ya rako ki awo na gaba, ku tambayi ungozoma tare. Allah ya sauke ki lafiya.