Garabasar Buɗe Sabon Asusu: Riba ko Asara?

A Mallawa da Dungas ana ciniki da sefa da naira, musamman wajen masu kai dabbobi kasuwar Maigatari. Bankuna da kamfanonin ajiyar kuɗi ta waya sukan ba da garabasa ga mai buɗe sabon asusu, domin jawo abokan ciniki.

Amma garabasa sau ɗaya ake bayarwa, ladan cire kuɗi kuwa kowane lokaci ake biya. Ƙari ga haka, a shekarar 2023 darajar naira ta faɗi ƙwarai. Wanda ya mayar da sefarsa naira ya ajiye saboda garabasa, asararsa ta fi ribarsa.

Kafin ka sauya asusu, ka tambayi sharuɗɗan garabasar da ladan cirewa, kuma ka tabbatar hukuma ta ba kamfanin izini.