A Sanar Da Maƙwabci Kafin A Nemi Takardar Gini



Ya 'yan'uwa, duk wanda ya zaga bayan garin Rano ko Kibiya zai ga gonakin da aka yanka fulotai, ana kafa shaguna da injinan niƙa da benaye a tsakiyar gidajen jama'a. Ci gaba ne, ba ma ƙinsa. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya wayi gari ya tarar da tifa ta zube yashi a jikin katangarsa, in ya yi magana a zaro masa takarda a ce hukuma ta yarda.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙe su, sannan hukumar KNUPDA ke duba taswirar gini a yankunan da ke ƙarƙashinta a Jihar Kano. To amma jami'in da ke duba taswira bai san inda rijiyar maƙwabci take ba, balle ya san cewa nan ne za a haƙa masai, ko kuwa tagar benen za ta leƙa tsakar gidan da iyalin wani ke girki. Maƙwabcin ne kaɗai ya sani, shi ne kuma ba a tambaya ba.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan mas'ala. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan Rano tun kaka da kakanni, ya hana buɗe tagar da ke tona asirin maƙwabci, da yin ƙofa daura da ƙofarsa, da haƙa ramin da zai cuce shi ko da a cikin mallakar mai haƙan ne. Ibn al-Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14, littafi guda ya rubuta a kan irin waɗannan shari'u, har da hayaƙi da wari da girgizar dutsen niƙa. Wato mallakar fili ba ta halatta cutarwa, ina ga takarda. Gaskiya ne a mazhabarmu shufu'a ta abokin tarayya ce, ba ta maƙwabci ba, amma batun cuta daban ne, kada a cakuɗa su.

Wani zai ce in ka faɗa wa mutane za su yi maka hassada su hana. Akwai wannan, ba musu. Sai dai sanarwa ba neman izini ba ce, kuma mai ƙorafi sai ya nuna cutar a fili. Gyara a kan takarda ba ya cin ko buhun siminti ɗaya, alhali kuwa bayan an zuba dakin sai rusau, ko gaba har jikoki.

Don haka muna kira ga ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da kada su karɓi buƙatar gina bene, gidan mai ko injin niƙa sai da rubutacciyar shaidar cewa an sanar da maƙwabtan kusurwa huɗu a gaban mai unguwa, an kuma ba su kamar mako biyu su kawo uzurinsu. A haɗa da 'yan haya da zawarawa masu riƙon marayu, domin su ne aka fi tsallakewa.