Aibin Manhaja: A Kan Wa Kuɗin Gyara Yake?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu duba wata mas'ala da ta shafi fatake da ma'aikata. Tun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, aikin ofis yake ta komawa kan kwamfuta. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 kuma ya sa 'yan kasuwa a Shuwarin, Kiyawa da Birnin Kudu suka rungumi na'urar POS da manhajar lissafi a waya. To, idan manhaja ta yi kuskure a lissafi, mai ita ya kai kuka, aka ce sai ya biya kuɗin duba matsala kafin a saurare shi, shin wannan kuɗi ya halatta?

Wajibi ne mu rarrabe abu biyu. Na farko shi ne hidima. Wanda ya kira gwani domin ya koya masa aiki da manhaja, ko ya gyara ɓarnar da shi mai na'ura ya yi da hannunsa, wannan ijara ce ingantacciya, kuma haƙƙi ne a biya gwanin ladansa ba tare da jinkiri ba.

Na biyu shi ne aibi, wato kuskuren da yake cikin manhajar tun daga wurin masu ƙera ta. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ɗalibai suka sani daga Risala da Muhtasar, wanda ya sayi haja ya tarar da tsohon aibi da bai sani ba, yana da zaɓi ya riƙe ta ko ya mayar a ba shi kuɗinsa. Haka nan mai sayarwa ba ya kuɓuta daga aibin da ya sani ya ɓoye don kawai ya ce ya sayar da abu yadda yake. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan algus. Saboda haka, a ganinmu, karɓar kuɗi daga mai saye don kawai a ji labarin aibin da ba shi ya jawo ba, ya shiga cin dukiyar mutane da ƙarya wanda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana.

Hasali ma mai kai rahoton aibi nasiha ya yi, godiya ta kamace shi. Kamfanin Netscape na Amurka ya fara ba da tukuici ga masu gano kurakuran manhajarsa a 1995, daga baya Google da Microsoft suka bi sahu.

Kada mu ɗauki wannan da wasa. A Birtaniya, manhajar Horizon ta gidajen waya ta riƙa nuna giɓin kuɗi na ƙarya, har daga 1999 zuwa 2015 aka gurfanar da masu riƙe da ƙananan gidajen waya sama da 900 a kotu, aka ɗaure wasu. Duk lokacin da aka toshe ƙofar kai ƙara, laifin na'ura kan faɗa wa akawu ko yaron shago mai amana.

Shawararmu ga fatake ita ce, kafin a biya, a rubuta yarjejeniya da ta bayyana tsawon lokacin da gyaran aibi yake kan mai sayarwa da kuma hidimar da za a biya dabam. Ma'aikacin da ke sa hannu a kwangilar gwamnati kuwa ya tuna dukiyar jama'a amana ce, kada ya yarda a biya kuɗi sau biyu a kan aiki guda. Mai saye shi ma ya ji tsoron Allah, kada ya kira kuskurensa aibi, kuma mai amfani da manhajar sata ba shi da bakin neman gyara.

Allah Ya tsarkake mana cinikinmu, Ya ciyar da mu halal. Wassalamu alaikum.