Malam Koci, Rushe Layin Nan

Abin da kake yi da yaran nan sunansa tsare yara, ba horon tanis ba. Ka tsaya bakin raga da kwandon ƙwallo, ka jera yara goma sha biyu a ƙarshen fili, ka jefa wa na gaba ƙwallo uku, ka ce "na baya!" Ɗaya na bugawa, sha ɗaya na shan rana. Yi lissafin da kanka: in aka raba awa guda ga yara 12, minti 5 ne rabon kowa, tun ba a cire lokacin tsintar ƙwallo ba, da dogon bayaninka kan riƙon raket, da wayar da kake amsawa. Uban yaro kuwa kuɗin awa guda ya biya.

Da sun gaji sun fara zungurar juna da raket, sai ka ce ba su da tarbiyya, ka sa su tsallen kwaɗo. Kai ka jawo. Ɗan shekara takwas da aka hana motsi dole ya nemo wa kansa abin yi. Wata biyu ka neme shi ka rasa, ya koma ƙwallon ƙafa a unguwa, inda ba mai jiran a kira sunansa kafin ya taɓa ƙwallo.

Na san uzurin: fili ɗaya ne, yara sun yi yawa. Ban karɓa ba. Filin tanis tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa mita 10.97. Tun 2007 hukumar tanis ta duniya, ITF, ta fito da tsarin koyar da masu farawa da ƙwallaye marasa gudu, ja da ruwan lemo da kore, kuma daga 2012 ta wajabta su a gasar 'yan shekara goma zuwa ƙasa. Jar ƙwallon, wadda ta fi sauran sanyin tafiya, a faɗin babban fili ake buga ta, don haka filinka ɗaya yana fitar da ƙananan filaye huɗu ba wahala. Babu ƙaramar raga? Ɗaura igiya tsakanin kujeru biyu, ja layi da alli. Raket bai isa ba? Raba su uku-uku: wannan ya jefa da hannu, wancan ya buga, na uku ya cafe, bayan bugu goma su sauya. Wasu su fuskanci bango suna ƙirga nawa za su mayar ba faɗuwa. Kai kuma ka ajiye kwandon ka riƙa zagayawa kana gyara, kalma biyu ka wuce.

Ɓarnar layi ta wuce ɓata lokaci. Ƙwallon da kake jefawa kullum daidai ƙugun yaro take sauka, a hankali, a wuri guda. Ta abokin karawa ba ta da wannan tausayin. Yaron da ya shekara a layi za ka ga bugunsa gwanin sha'awa, amma haɗa shi da sa'ansa, ba za su yi musayar ƙwallo huɗu ba, don bai taɓa koyon karanta ƙwallo tun daga raket ɗin wani ba, bai san inda zai koma bayan ya buga ba, maki ma bai iya ƙirgawa.

Akwai kuma abin da ya fi ba ni haushi: ka ware gwanaye biyu kana buga wasa da su, kana mafarkin ranar da za su taka gasar Dala a Kano, sauran goma sun zama masu tsinto musu ƙwallo. Wa ya gaya maka gwanin ba ya cikin goman nan?

Iyaye, ku ma da naku. Kuna ganin layi a miƙe, yara tsit, kuna cewa kocin nan akwai tsari. Ranar da kuka kai yaro, ku zauna minti goma, ku sa masa ido shi kaɗai, ku ƙirga sau nawa raket ɗinsa ya taɓa ƙwallo, sannan ku tunkari kocin da adadin kafin ku biya kuɗin wata mai zuwa.